Inna a Bakin Ƙofar Kwali

Zuwa ga Kawu,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Inna, yaya hannun nata na dama, ya fara motsi kuwa? Yaya kunnenka? Na so in buga waya, sai na tuna yadda muka ƙare wancan karon, ina ta kwarara ihu a tsakiyar ofis kana cewa in ɗaga murya. Shi ya sa na koma takarda. Mama tana gaishe ku, ta ce in tuna maka ko da yake kakanninku ne suka haɗa ku, ita ce dai ƙanwar da ta fi damunka.

Kawu, kwalayen nan da nake yanka muku a tsakar gida lokacin da nake makaranta a wurinku, har ka laƙaba mini suna, yau su ne aikina. Ofishinmu ne aka ba tsara sabon ginin unguwarku, ni kuma aka ce in ƙera samfurinsa, wato unguwar gaba ɗaya da kwali da gam, a kan teburi guda, don mutane su gani da idonsu. Mako mai zuwa za a kawo shi makarantar firamaren bayan shagonka.

Ga abin da ake so a yi. Maimakon gari ya yi ta miƙewa yana cinye gonaki, a ɗaga shi sama. Benaye masu hawa huɗu, bishiyoyi a gefen titi, magudanar ruwa ta gaske, bas yana tsayawa a bakin layi. Filin da ke ɗaukar gida ɗaya zai ɗauki gidaje da yawa, kuma duk wanda ke unguwar zai dawo inda yake. Ka tuna 'ya'yanku, su Yaya Babba da Auta, da suka rasa ɗaki kusa da ku suka koma can ƙarshen gari, sai sun hau mota biyu kafin su ga mahaifiyarsu. Ni saboda su na yarda da aikin nan.

Amma ba za a yi ba sai mutanen unguwa sun amince, kuma na san halinsu. Baƙo mai rataye da katin ofis ba za su saurare shi ba. Kai kuwa babu gidan da ba ka gyara wa fanka ko dutsen guga ba. Ka je ka gani, in ya kwanta maka, ka sa baki.

Ka duba da kyau a ƙofar benen da ke kusa da babbar bishiya. Na ajiye muku wani abu a wurin.

'Yarka,
'Yar Kwali

*

Zuwa ga 'Yar Kwali,

Amin wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya. Jikin Innarki da sauƙi, hannun dai yana nan yadda kika san shi, amma baki ya ɗan saki, har ta iya yi mini faɗa jiya a kan na sa mata sukari da yawa a shayi. Kullum da yamma ina tura ta a kekenta zuwa bakin ƙofa. Tun da ciwon nan ya kwantar da ita, wannan ƙofar ita ce kasuwarta, ita ce gidan sunanta. Masu dawowa daga aiki su gaishe ta, yara su kawo mata ƙara, ta raba su da hannu ɗaya. Ranar da aka yi ruwa ba ta fita ba, kwana take ba ta yi wa kowa magana ba.

Na je makarantar. Kai, yarinyar nan! Ashe ɓarnar kwalayen da kika yi mini ba ta tafi a banza ba. Har kwatar da ke cika mana ɗaki da damina na ga kin rufe ta. Ina ta leƙe-leƙe, sai ga mutane ƙanana a titi, duk samari da 'yan mata, kowa na sauri. Da na zo ƙofar da kika ce, wallahi sai da na cire tabarau na goge. Ga Innarki a kekenta, da shuɗin mayafinta, a ƙasa, a bakin ƙofa. Na gane saƙonki, 'yata. Allah ya yi miki albarka.

Taron kuwa ya so ya watse. Tsohon Direba ya miƙe ya ce shi ba kaza ba ne da za a jera shi a akurki, wani bisa wani. Ungozoma ta ce na sama zai riƙa leƙen na ƙasa. Wani ya tambayi inda za a yi shanya. Yaron ofishinku yana ta nuna zane da sanda yana gumi, ba mai jin sa. Sai Tela ya buga sandarsa a ƙasa. Kin san ciwon suga ya sa an yanke masa ƙafa bara, ga shi ba shi da kowa sai 'yarsa da ke aure nesa. Ya ce, “Ni tambayata ɗaya. Da wace ƙafar zan hau?”

Nan na tashi. Na ce musu ni ban iya karanta zane ba, amma na iya gani. Na ja Tela har gaban teburin, na ɗora yatsa kusa da Innarki, na ce, “Wa ka gani a nan?” Ya ce, “La! Matar gidanka ce.” Na ce, “A sama take ko a ƙasa?” Ya ce a ƙasa. Na ce to wadda ta ƙera wannan a gidana ta girma, kuma ta rubuto mini da hannunta cewa kowa zai dawo inda yake. Tsofaffi da marasa lafiya ƙasa, masu jini a jika sama. Sai ga mata suna ture juna don su ga Inna. Har Tsohon Direba ya ce in haka ne a ba shi can ƙololuwa, ya huta da jikokinsa.

An sa za a sake zama a ɗaga hannu. Tela ya ce in tambaye ki ko ɗakin nasa zai kalli titi, don yana son haske saboda zare. Ki ba ni amsa in kai masa.

Kawunki

*

'Yar Kwali,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Mu dai muna nan ƙalau, sai zullumin shirunki. Na aika wa mahaifiyarki, ta ce lafiyarki lau, aiki ne ya sha kanki. To Allah ya taimaka. Innarki ta ce in bar ki ki sarara, wai ni ba ni da aiki sai takura wa yara.

An yi zaman, an ɗaga hannu, kuma an amince. Ba don in yabi kaina ba, amma na yi yawo. Gida-gida na bi da jakar kayan aikina, in gyara soket in yi wa'azin bene. Na ce musu ku dubi 'ya'yanku, wa ya rage a unguwar nan? Duk sun watse bayan gari, rabin albashi a mota, rabin rana a hanya. Mu tsofaffi muna gadin tsakar gida, babu mai wasa a ciki. Wannan maganar ta shige su, domin gaskiya ce. Waɗanda suka yi gardama kuwa, sai in ce su je su ga Inna a ƙofarta.

Ranar ɗaga hannun na tura Innarki har makarantar. Aka buɗa mata hanya, na kai ta gaban teburin. Ta daɗe tana kallon kanta. Sai ta ce mayafin ya yi, amma kin rage mata ƙiba. Aka yi ta dariya. Da aka ce a ɗaga hannu, ta ɗaga na hagun, Tela kuma ya ɗaga sandarsa.

Har yanzu yana jiran amsar tagarsa. Kullum in na wuce sai ya ce, “'Yar taka ta rubuto?”

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna, in har za ku amsa gaisuwata bayan kun karanta wannan. Lafiyata ƙalau. Ba aiki ne ya hana ni rubutu ba, kunya ce da tsoro.

Kawu, babu ɗakin kwana ko ɗaya a ƙasa. Hawan ƙasa duk shaguna ne, da ɗakin shan magani da wurin ajiye kekuna, saboda a tsarin ana so titi ya kasance da rai, mutum ya sauko ya sami abin da yake buƙata ba sai ya hau mota ba. Gidaje daga hawa na ɗaya suke farawa. Kuma bene mai hawa huɗu ba a sa masa lifta, wato na'urar kai mutane sama, da gangan ma aka tsaya a huɗun don kada a sa.

Mutanen nan ƙanana da ka gani a titi, a leda ake sayo mana su, kuma duk haka suke zuwa, matasa masu tafiya. Da na gama jera su sai na ga titin bai yi kama da naku ba, don babu Inna. Na fere ta da guntun katako, na yi mata keke da waya, na manna ta a ƙofa don in ka gani ka yi dariya. Iyakar abin da nake nufi ke nan. Da na ce kowa zai dawo inda yake, filin nake nufi. Ni da na san zanen ciki da waje, ni da na sha tura keken nan da hannuna, ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina ta yaya za ta hau ba. Na manna ta a ƙofar gidan da ba za ta iya shiga ba.

Wannan sakaci ne. Abin da ya biyo baya ya fi shi muni. Takardarka ta farko ta iso da sauran lokaci kafin ɗaga hannu. Ina karantawa na kai wa Injiniya, shugabanmu. Ya karanta, ya ce ofis bai yi wa kowa wannan alkawari ba, kuma in aka tayar da maganar yanzu komai zai rushe, unguwar ta ci gaba da nutsewa a ruwa duk damina. Ya ce in bari a wuce ƙuri'a, sai a duba. Bai hana ni rubuto maka ba, kada in ɗora masa. Ni ce na zauna da biro a hannu, na ce gobe. Ina son aikin nan ya yiwu, Kawu, har yanzu ina so, kuma na san da bakinka ne zai yiwu. Sai na bar ka kana yawo gida-gida da maganar da na san ba haka take ba.

Da na karanta cewa Inna ta ɗaga hannunta na hagu, na shiga banɗakin ofis na yi kuka. Kukan bai gyara komai ba. Ka faɗa wa Tela laifina ne, ka nuna masa wannan takardar.

'Yar Kwali

*

Ke,

Mun ga takardarki. Muna lafiya.

Na karanta ta a shago, na sake karantawa, na rufe shagon da rana tsaka. Shekara nawa ina taɓa wayar wuta a gidajen mutanen nan, suna barin ni da matansu da 'ya'yansu su fita, saboda in na ce abu ya gyaru to ya gyaru. Ban taɓa ajiye wani abu ba sai wannan mutuncin. Shi kika ara, kika mayar mini da shi a fashe.

Amma ba zan nuna wa Tela takardarki ba. Ba ke kika ja shi gaban teburi ba. Ke kin manna 'yar tsana, ni na mai da ita alkawari. Yaron ofishinku yana tsaye a wurin da sandarsa, da na tambaye shi kalma ɗaya da ya faɗa mini. Ban tambaya ba, don daɗin a ce 'yata ce ta yi ya rufe mini ido. Har na ƙara da nawa, wai tsofaffi ƙasa, matasa sama. Wa ya faɗa mini haka? Ba kowa.

Na bi gidajen da na bi a da, wannan karon ba jaka. Tsohon Direba ya wanke ni tas, ya ce dama ya faɗa. Ungozoma ta ce gwiwoyinta za su kai ta hawa ɗaya in ta huta a tsakiya, kuma ita ko yanzu aka sake za ta ɗaga hannu, don ta gaji da kwashe ruwa da bokiti. Da yawa haka suka ce, kin ji. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, ashe da gaskiyar muka faɗa musu tun farko, da wataƙila sun yarda, kuma da sun sa an gyara.

Tela na bari a ƙarshe. Na same shi yana sa zare a allura a bakin tagarsa. Na faɗa masa. Na so ya zage ni, wallahi na so. Sai ya ce, “To, ba komai. Ka ce wa yarinyar kada ta damu da maganar tagar.” Ya ci gaba da neman kafar allura. Na fito ban san ta inda na bi na dawo gida ba.

Innarki ban faɗa mata ba tukuna. Kullum da yamma in na tura ta ƙofa sai ta nuna wajen bishiyar ta ce a can za a sa ta.

Kawunki

*

Kawu,

Barka da war haka. Ina fatan Inna tana samun sauƙi, kai ma Allah ya huci zuciyarka. Na karɓi duk abin da ka faɗa, ban da rabon laifin da ka yi, don ka ɗauki fiye da naka.

An dawo mana da samfurin don a gyara shi kafin a kai shi unguwa ta gaba. Injiniya ya ce in cire Inna. Na ce to, amma ranar zaman manyan ofis na shigo da shi yadda yake, na ajiye a gabansu. Na ce ga matar nan a ƙofa, wani ya nuna mini hanyar da za ta bi ta kai gadonta. Wata mai zane a cikinmu, wadda mahaifinta ke kwance, ita ta fara goya mini baya. An yi ta ja har aka tashi ba a gama ba, aka sake zama.

Ga abin da aka samu. A unguwannin da ba a kammala zanensu ba, kowane bene zai sami gidaje a ƙasa ta baya, don tsofaffi da marasa lafiya. Naku kuwa an riga an sa hannu, ba za a sake zane ba. Sai dai an yarda da abu ɗaya: duk wanda ke da shago yanzu, wanda dama za a ba shi shago a sabon ginin, yana iya cewa a mayar masa da shi ɗakin kwana da banɗaki, ya sa wanda yake so a ciki.

Kawu, kana da shago! Na san abin da shagon nan yake a wurinka, kuma na san ni ce na jawo har ake maganar rabuwa da shi. Amma Inna za ta zauna a ƙasa, ƙofarta na kallon titi, kusa da bishiyar. Tun da abin nan ya faru yau ne na ci abinci na ji ɗanɗanonsa. Ka rubuto da wuri in kai sunanta.

'Yarka,
'Yar Kwali

*

'Yar Kwali,

Amin, gaisuwarki ta iso, kuma mun amsa. Innarki na nan da sauƙi. Ni ma zuciyar ta sauka, ba na iya dogon fushi da ke, kin sani. Abin da kika yi a gaban manyanku ya yi, kuma mutanen unguwa ta gaba za su ci moriyarsa ko ba su san ki ba.

Shagon ba komai ba ne. Idona ma ya fara gajiya da ƙananan wayoyi, fankar da ta matsu ta hawo bene ta same ni. Da na karanta takardarki na yi murna, na zauna gaban Innarki na kwashe komai na faɗa mata tun daga farko, har da abin da na ɓoye. Na ce amma ga shi Allah ya kawo mafita.

Kin san yanzu magana sai ta tattaro ta. Can ta ce, “Tela fa?”

Na ce Tela ba shi da shago, a ɗaki yake ɗinki tun da aka yi masa aiki. Ta ce, “Wa aka nuna masa a ƙofar kwalin?” Na ce ke. Ta ce, “To.”

Na yi mata magiya, 'yata. Na ce ki tuna ranar da aka yi ruwa ba ki fita ba. Na ce in kika hau sama, sai an sami majiya ƙarfi biyu kafin ki sauko, kuma ba kullum za a samu ba. Ta ce ta sani. Ta ce ita tana da 'ya'ya biyu da za su dawo ginin nan, ɗaya a samanta ɗaya a gefenta, in ta matsu za su ɗauke ta. Shi kuwa wa zai ɗauke shi? Ta ce ba za ta zauna a ƙofar nan tana amsa gaisuwa ba, alhali mutumin da ya ɗaga sanda saboda ya gan ta an kwashe shi zuwa wani gari wurin surukai. Ni kuwa na san ni na ja shi gaban teburin.

Don haka sunan Tela za ki kai. Mu a ba mu hawa na ɗaya, ɓangaren titi. Na je na faɗa masa ɗakinsa zai sami haske, ya ƙi, ya ce ba zai karɓi ƙofar Inna ba. Sai da na turo ta da kanta ta yi masa faɗa da rabin baki, sannan ya sunkuyar da kai.

Mutanen unguwa ta gaba sun aiko wai in je in yi musu bayani, tunda mu muka fara. Zan je, kuma zan ce su yarda, don har gobe ina ganin alheri ne. Amma zan ce su tambayi komai, har abin da suke ganin sun gani da idonsu.

Yanzu da yamma ba ta yarda in mayar da ita ciki da wuri. Sai an kira magariba, titi ya watse, tana nan tana kallo.

Saƙonta gare ki guda ɗaya ne, ta sa na maimaita mata don kada in canza. Kafin a kai kwalin nan gaban wasu mutane, ki ɓamɓare ta daga ƙofar. Kada ki jefar da ita. Ki yanka taga a hawa na ɗaya, mai faɗi, ki zaunar da ita a nan, fuskarta na kallon titi. Ta ce ki sa gam ɗin da kyau, don ba saukowa za ta yi ba.

Kawunki